Ciwon Da Ke Zuwa Ya Tafi Ya Dawo: Jawabi Kan Ciwon MS Da Buƙatar Likitocin Jijiya A Ƙasarmu

Jawabin da aka gabatar a zaman shekara-shekara na 'yan asalin Mandera mazauna birane



Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu uwayen ƙasa da hakimai, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan uwa 'yan asalin Mandera da kewayenta a ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, waɗanda suka taso daga Sakkwato da Kano da Kaduna da Abuja da Ikko da sauran garuruwa, ina yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an iso lafiya, an kuma tarar da gida lafiya.

Maudu'in da aka ɗora mini shi ne wani ciwo na ƙwaƙwalwa da laka wanda likitoci ke kira maltiful sikilarosis, ko MS a taƙaice. Tun da farko ina roƙon kada kamannin suna ya sa a rikita shi da sikila, domin sikila ciwon jini ce da ake gado, shi kuwa wannan ciwon jijiya ne. Na san wani zai ce, ga zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da wahalar haihuwa suna ɗibar mutanenmu, me ya kai mu ga ciwon da da yawanmu ba su taɓa jin sunansa ba? Tambaya ce mai kyau, kuma ina fatan kafin in zauna za a ga amsarta.

Mene Ne Wannan Ciwo?

Ƙwaƙwalwa da lakar da ke cikin ƙashin baya su ne ke aika saƙo zuwa kowace gaɓa ta jiki, su kuma karɓi saƙo daga gare ta. Saƙon yana bi ta cikin wasu siraran jijiyoyi, kuma da yawa daga cikin jijiyoyin suna lulluɓe da wata riga mai maiƙo da ake kira mayalin, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. Idan robar ta saɓule, wuta takan yi rauni ko ta yanke. Haka abin yake a jikin mai MS: garkuwar jikinsa, wadda aikinta shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta, sai ta juya ta riƙa cin wannan riga. Wurin da ta ci yakan kumbura, daga baya ya bar tabo mai tauri. Ma'anar sunan ciwon ke nan, wato tabo masu tauri a wurare da yawa. Wani likitan Faransa mai suna Jean-Martin Charcot ne ya fara yin cikakken bayaninsa a birnin Faris a shekarar 1868.

Da yake tabon na iya faɗawa a kowane sashe na ƙwaƙwalwa ko laka, alamomin ciwon sun bambanta daga mutum zuwa mutum. Wani ido ɗaya ne zai dushe cikin 'yan kwanaki, tare da zafi idan ya juya shi. Wani ya riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu. Wani hannu ko ƙafa ce za ta yi nauyi ko ta mutu, ko ya ji kamar ana tsira masa allurai. Akwai mai tangaɗi idan yana tafiya, akwai wanda riƙe fitsari ke gagara, akwai wanda idan ya sunkuyar da kai sai ya ji kamar wutar lantarki ta bi ta gadon bayansa. Mafi yawansu kuma suna fama da wata irin gajiya wadda barci ba ya kawar da ita.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne halin ciwon. A wajen kimanin mutum 85 cikin 100 na masu shi, yakan taso ne ya yi kwanaki ko makonni, sannan ya lafa kamar an warke, sai bayan watanni ko shekaru ya sake dawowa, wataƙila a wata gaɓar dabam. Sauran kuwa tun daga farko yake tafiya a hankali yana ƙaruwa ba tare da lafawa ba.

Mu ɗauki misalin matar aure mai shekara 25 a ɗaya daga cikin ƙauyukanmu. Bara idonta ya dushe, bayan mako 3 ya washe. Bana ƙafarta ta ƙi ɗaukarta, bayan wata guda ta miƙe. Me za a ce a gidan? Wasu za su ce iska ce, wasu su ce sammu ne daga kishiya, wasu kuma su ce ƙiwar aiki ce kawai. Duk maganin da aka ba ta a lokacin da ciwon ya lafa don kansa, shi za a yaba wa. A haka shekaru za su shuɗe, tabo na ƙaruwa a ɓoye, har ranar da ƙafar za ta ƙi tashi gaba ɗaya. Sau da yawa kafin a kai nan zumunci ya lalace, aure ya girgiza, an zargi wanda bai ji ba bai gani ba. Gaskiyar Bahaushe da ya ce rashin sani ya fi dare duhu.

Abin Da Bincike Ya Gano

Ƙididdigar da Tarayyar Ƙungiyoyin MS ta Duniya ta fitar a shekarar 2020 ta nuna cewa mutum miliyan 2.8 ne ke ɗauke da ciwon a duniya. Mata sun ninka maza aƙalla sau 2, kuma matsakaicin shekarun da ake gano shi su ne 32, wato daidai lokacin da mutum ke tsakiyar ƙarfinsa, yana noma ko kasuwanci ko renon yara. Ƙididdigar ta nuna kimanin mutum 143 cikin kowane 100,000 a Turai, a Afirka kuwa kimanin 9.

Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, don haka babu dalilin ware wa mai shi kwano ko tabarma. Ba a kuma gadonsa kai tsaye kamar sikila, ko da yake jinin gida yana da ɗan tasiri: idan ɗaya daga cikin tagwaye masu kama ɗaya ya kamu, a kusan kashi 1 cikin 4 ne kawai ɗan uwansa ke kamuwa. Bincike ya danganta ƙaruwar haɗarinsa da shan taba, da ƙiba a lokacin ƙuruciya, da ƙarancin sinadarin bitamin D wanda fata ke samarwa idan rana ta taɓa ta. An kuma lura cewa ya fi yawa a ƙasashe masu sanyi da ke nesa da tsakiyar duniya, kuma yaran da suka tashi a irin waɗannan ƙasashe sukan ɗauki haɗarin wurin da suka tashi, ko da iyayensu daga ƙasar zafi suka fito. Wannan abin lura ne ga 'yan uwanmu da ke zaune da iyalansu a Ingila da Amurka.

Babban ci gaba ya zo a shekarar 2022, lokacin da masana na Jami'ar Harvard suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan bayanan sojojin Amurka fiye da miliyan 10. Sun gano cewa haɗarin kamuwa da MS yana ninkawa sau 32 bayan mutum ya kamu da wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr. Ita wannan ƙwaya an fara gano ta ne a 1964, a cikin ƙwayoyin wata dajin yara da aka ɗebo daga Yuganda aka kai Landan. Kusan kowane baligi a duniya yana ɗauke da ita, amma ƙalilan ne ke kamuwa da MS, abin da ke nuna cewa sai ta haɗu da wasu dalilai kafin ciwon ya tashi. Darasin da ke nan shi ne, abin da aka ɗebo daga jikin yaran Afirka ya taimaka wajen warware wani ciwo da ake ɗauka na Turawa ne. Ilimin likitanci ba shi da iyakar ƙasa.

Shin Akwai Shi A Ƙasarmu?

An daɗe ana koyar da cewa da wuya a ga MS a jikin baƙar fatar Afirka. Magabatan likitocin jijiya na Nijeriya, irin su marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, sun duba dubban marasa lafiya a shekarun 1960 da 1970, kuma ba su cika cin karo da shi ba. Sai dai a wancan zamani babu na'urar MRI, wadda ita ce ke nuna tabon ƙarara, domin sai a 1981 aka fara ganin tabon MS da ita a Landan. Tun da na'urar ta shigo manyan asibitocinmu, likitoci a Nijeriya suna gano masu ciwon suna kuma ba da rahotonsu. Haka kuma wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 ya nuna cewa baƙaƙen mata a yankin da aka yi binciken sun fi fararen mata kamuwa da shi. Saboda haka ƙarancin adadin da ake gani a Afirka yana da fuska biyu: ciwon bai kai yawan na Turai ba, sannan kuma kayan gano shi da masu gano shi sun yi ƙaranci. Abin da ba a nema ba, ba a ganinsa.

Akwai kuma wani ɗan uwan wannan ciwo da ya kamata a sani, wanda ake kira ciwon Devic, da sunan likitan Faransa da ya bayyana shi a 1894. Shi yana kama jijiyar ido da laka da ƙarfi, yana iya makantarwa ko gurguntarwa a tashi ɗaya, kuma ya fi yawa a tsakanin baƙar fata da mutanen Asiya fiye da Turawa. A 2004 masana a asibitin Mayo na Amurka suka gano alamarsa a cikin jini, har aka samu gwajin da ke bambanta shi da MS. Bambantawar tana da muhimmanci ƙwarai, domin wasu magungunan MS suna tsananta ciwon Devic.

Yadda Ake Gane Shi

Babu gwaji guda da ke yanke hukunci shi kaɗai. Likitan jijiya yakan saurari tarihin ciwon tun daga farkonsa, ya gwada ido da ƙarfin gaɓoɓi da tafiya, ya nemi hoton MRI na kai da ƙashin baya, wani lokaci kuma ya ɗebi ruwan laka daga ƙugu. Yana bin wasu ƙa'idoji da ake kira ƙa'idojin McDonald, waɗanda aka fara tsarawa a 2001, aka kuma sabunta su sau da dama, na baya-bayan nan a 2024.

A ƙasa irin tamu wajibi ne likita ya fara kawar da cututtukan da suka fi yawa kuma suke kama da shi: shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke jawowa, tarin fuka na ƙashin baya, ƙanjamau, tunjere, ƙarancin bitamin B12, da tsargiya, wadda ƙwanta kan kai ga laka a jikin masu shiga ruwan tafki da madatsa. Da yawa daga cikin waɗannan suna warkewa sarai idan an kama su da wuri. Ga amsar tambayar da muka fara da ita: hanyar da za ta kai mai MS gaban likita ita ce dai hanyar da za ta ceci mai tarin ƙashin baya da mai farfaɗiya da mai shanyewar jiki. Idan muka gyara ta saboda ɗaya, duka sun amfana.

Magani Da Jinya

Har yau ba a samu maganin da ke tumɓuke ciwon ba, amma an samu masu danne shi sosai. Kafin 1993 babu ko ɗaya. A shekarar ne aka amince da allurar intaferon a Amurka, aka samu na haɗiya na farko a 2010, sannan a 2017 aka samu na farko da ke rage gudun nau'in da ba ya lafawa. A watan Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya magungunan MS guda 3 cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, wato cladribine da glatiramer da rituximab. Wannan ya ba mu hujjar neman hukumomi su samar da su da rahusa. Masana sun yi ittifaƙi cewa wanda ya fara magani da wuri ya fi tsira daga naƙasa, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Idan ciwon ya taso da ƙarfi, akan yi wa mara lafiya ƙarin ruwa mai ɗauke da maganin kumburi na kwana 3 zuwa 5 a asibiti. Ina jan kunnenmu a nan: wannan magani dangin ƙwayoyin nan ne da ake sayarwa barkatai da sunan sha-ka-fashe. Shan su ba da izinin likita ba yana jawo ciwon suga da hawan jini da lalacewar ƙashi, yana kuma iya tayar da tarin fuka da ke kwance. Haka nan ba a fara rituximab sai an gwada jini an tabbatar da matsayin ciwon hanta nau'in B, wanda yake da yawa a cikinmu.

Akwai abin da ya shafe mu musamman mu mutanen ƙasar Sakkwato, wato zafi. Tun 1890 wani likitan ido Bajamushe mai suna Wilhelm Uhthoff ya lura cewa idan jikin mai wannan ciwo ya ɗumama, ganinsa yakan ƙara dushewa na ɗan lokaci. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, mai MS yakan ji kamar ciwon ya dawo. Inuwa, da ruwan randa, da jiƙa tsumma a ɗora a wuya, da mayar da aiki zuwa sanyin safiya, duk suna kawo sauƙi. A ɗauke wa irin wannan baiwar Allah tsayuwa gaban murhu da tsakar rana. Zazzaɓi da ciwon mafitsara su ma suna tayar da alamomin, don haka gidan sauro da saurin zuwa asibiti suna cikin jinya. Gashin ƙashi da motsa jiki a hannun ƙwararru suna tsawaita ƙarfin ƙafa, sanda ko keken guragu kuwa ba abin kunya ba ne.

Ga iyayenmu mata da mazajen aure: MS ba ya hana aure, ba ya hana haihuwa. Binciken da aka yi a Turai aka wallafa a 1998 ya nuna cewa tasowar ciwon takan ragu a watannin ƙarshe na ciki, ta ɗan ƙaru a watanni 3 na farko bayan haihuwa. Abin da ake buƙata shi ne shawarar likita kafin ɗaukar ciki, saboda wasu magungunan ba su dace da mai juna biyu ba, da kuma taimakon dangi a lokacin jego. Addu'a kuwa ba ta taɓa hana neman magani ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a nan Boɗinga, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, dukansu sun yi rubuce-rubuce a kan lafiyar jiki da magunguna.

Horar Da Likitoci

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya nuna cewa a Afirka kimanin ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa da jijiya 1 ne ke duba mutum miliyan 1, alhali a Turai kimanin 90 ne. A jiharmu muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ke da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, muna da Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, da Asibitin Tarayya na masu taɓin hankali a Kware. Makwabtanmu na Kabi da Zamfara har da Jamhuriyar Nijar suna zuwa nan neman magani, don haka nauyin ya fi ƙarfin hannayen da ke akwai, ga shi kuma ƙasashen waje suna janye ƙwararrunmu.

Samar da likitan jijiya guda aiki ne mai tsawo. Ɗalibi zai yi shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta koyon aiki a asibiti, shekara 1 ta yi wa ƙasa hidima, sannan shekara 5 zuwa 6 ta neman ƙwarewa a ƙarƙashin Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1976. Yaron da ya gama sakandare bana ke nan sai bayan shekara 13 ko 14 zai zama ƙwararre. Wanda yake son inuwa a tsufansa, yau zai dasa itace.

Likita kuma ba ya aiki shi kaɗai. Yana buƙatar ma'aikatan jinya, da masu gashin ƙashi, da masu ɗaukar hoto, da masu gwajin jini, da masu harhaɗa magunguna. Mafi kusa da mu duka shi ne ma'aikacin lafiyar da ke ƙaramin asibitin ƙauye, irin wanda Kwalejin Fasahar Lafiya ta Gwadabawa ke yayewa. Ba a nemansa ya gano MS. Abin da ake nema shi ne, idan ya ga matashi da ido ya dushe ko ƙafa ta mutu ba tare da dalili ba, ya rubuta takardar turawa Sakkwato a ranar, ko da alamar ta fara lafawa.

Abin Da Ya Rataya A Wuyanmu

Mu mazauna birni mu ne gadar da ke tsakanin gida da babban asibiti. Ina ba da shawarwari guda 5. Na farko, duk wanda aka kira shi daga gida aka ba shi labarin irin waɗannan alamomi, ya nemi a kawo mara lafiyar, maimakon ya aika da kuɗin magani kawai. Na biyu, a tanadi littafi ga kowane mai irin wannan ciwo, a riƙa rubuta ranar da alama ta fara da ranar da ta lafa, a kuma adana hotuna da takardun gwaji, domin su ne idon likita. Na uku, mu ware wani kaso na gudummawarmu don kuɗin mota da hoton MRI ga marasa ƙarfi, mu kuma taimaka wa 'yan uwa su yi rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, tun da dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan ƙasa. Na huɗu, mu ɗauki nauyin ɗalibanmu masu hazaƙa a fannin kimiyya, maza da mata, tun daga sakandare har su ƙware. Mace ta fi sakin jiki ta faɗa wa 'yar uwarta matsalar fitsari, kuma mata ne ciwon ya fi kamawa. Na biyar, mu tsaya wa wanda ciwon ya naƙasa a wurin aikinsa da makarantarsa, domin dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda aka sanya wa hannu a watan Janairun 2019, tana bayansa.

Kammalawa

Ranar 30 ga watan Mayu ta kowace shekara ita ce ranar MS ta duniya. Zai yi kyau 'ya'yanmu ma'aikatan lafiya su riƙa amfani da ita su zaga Mandera da Kajiji da Dandin Mahe da Lambara da Sifawa, su yi wa jama'a bayanin cututtukan jijiya da harshen da suke ji, su kuma riƙa tattara bayanan waɗanda suka gani da yardarsu. Daga irin wannan rubutu ne bincike ke farawa, kuma mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannayen da na gani a wannan zaure sun isa.

 Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya mayar da kowa masaukinsa lafiya.